Yadda Ake Jefa Naushin Ƙugiya Daga Nesa a Damben Zamani

Duk yaron da ya zo wajena koyon damben zamani, ranar farko ba na koya masa komai. Sai in ɗaura masa safar dambe, in nuna masa buhu, in ce, "Bismillah, doki yadda ka iya." Daga nan nake gane wanda ya taso yana kallon damben gargajiya. Zai ja hannu baya har ya wuce ƙugunsa, ya buɗe ƙirji, ya kawo naushi daga nesa kamar mai saran itace. Buhun zai yi ƙara, yaran da ke gefe su yi shewa, shi kuma ya waiwayo ya dube ni yana jiran yabo.

Ba na raina wannan naushin. Ni jikan mahauta ne, kuma tun ban kai shekara goma ba kawuna ke riƙe hannuna zuwa gidan dambe a nan Kano, ina kallon 'yan Kudu da 'yan Arewa da Guramada suna kashe juna. A can, hannu ɗaya ne ke naɗe da kara, shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa, a miƙe, ana auna nisa da shi. Wanda ke gabanka ma hannu ɗaya yake da shi na duka, saboda haka kana da sararin da za ka ɗauko naushi tun daga baya. A damben zamani kuwa abokin karawarka hannu biyu gare shi, kuma kowanne na iya isa haɓarka kafin naka ya gama zagayowa. Shi ya sa abin da ya kashe mutum a gidan dambe, a cikin igiya shi zai sa a kwantar da kai.

Naushin da zan yi bayani a kansa shi ne wanda a wajen atisaye muke kira huk, ni kuma nakan ce wa yara naushin ƙugiya, domin siffarsa ke nan: hannu ya fita, ya lanƙwaso, ya kamo gefen fuska. Iri biyu ne. Akwai gajere, na kusa, wanda ake yi lokacin da kuke jin numfashin juna. Akwai dogo, wanda ake jefawa daga inda jab, wato miƙaƙƙen naushin hannun gaba, kaɗai ya saba isa. Dogon nan shi ne ya fi ruɗar mutane, don a ido yana kama da wancan saran na gargajiya, alhali ba su haɗa hanya ba. Zan yi magana ne a kan mai tsayawa da ƙafar hagu a gaba, yana jefa ƙugiyar da hannun hagu. Idan kai bahago ne, sai ka juya komai.

Abu na farko da nake so ya zauna maka a kai: doguwar ƙugiya jab ce da ta canza shawara a hanya. Ba daga gefe take tasowa ba, daga gaban fuskarka take tashi, ta bi hanyar da jab ke bi, sai ta kusa isa sannan ta kauce ta zagaye safar abokin karawa ta sauka a muƙamuƙinsa ko a gefen goshi. Idan wanda ke tsaye gabanka ya iya bambanta jab ɗinka da ƙugiyarka tun daga tashin hannu, to ba ka iya ba tukuna, ko da kuwa buhu na kuka in ka doke shi.

Mu fara daga ƙasa, don a can ƙarfin yake. Tsaya yadda ka saba, ƙafar hagu gaba, ta dama baya, tazararsu ta ɗan fi faɗin kafaɗunka, gwiwoyi a sassauce, diddigen ƙafar baya a ɗage kaɗan. Kafin naushin ya fita, nauyinka yana buƙatar ya ɗan karkata kan ƙafar gaba. Na ce ɗan karkata. Ba ka sunkuyo da kai har ya wuce gwiwarka ba. In kanka ya wuce gwiwar gaba, kai da kanka ka kai wa mutum haɓarka. Abin da ake so shi ne ƙugun hagu ya ɗan shiga ciki, kafaɗar dama ta ɗan matso gaba, kamar an murɗa igiya. Sai ka taka ƙasa da gaban tafin ƙafar hagu, ka saki murɗin. Ƙugu ne ke fara juyawa zuwa dama, ƙirji ya bi shi, kafaɗa ta bi ƙirji, hannu ne na ƙarshe. Wanda ya taɓa jifa da majajjawa ya san wannan: ba dutsen ke fara tafiya ba.

A gajeriyar ƙugiya mukan ce a juya ƙafar gaba sosai, kamar mai murtsuke guntun taba a ƙasa. A doguwa ni ba na son a juya ta da yawa. Kaɗan ya isa, yadda gwiwa ba za ta murɗe ba. Dalili shi ne in ka juya ƙafar gaba ɗaya daga nesa kuma ka kuskure, za ka tsinci kanka kana kallon 'yan kallo, gefen fuskarka na hagu a buɗe, shi kuwa damansa na nan a ɗane.

Yanzu hannu. A gajeriyar ƙugiya gwiwar hannu a lanƙwashe take sosai, kamar kusurwar ɗaki. A doguwa takan buɗe, hannu ya miƙe ya kusa kai tsawon jab, amma ba ya taɓa miƙewa gaba ɗaya. Dole a bar lanƙwasa a ciki, kamar ta lauje. Hannun da ya miƙe sarai ya doki abu daga gefe, duk nauyin dukan a kan gwiwar hannu da damtse da kafaɗa zai sauka, kuma haka ake yaga naman damtse. Na ga wanda abin ya faru da shi a kan buhu, wani ƙaton saurayi mai ɗaga ƙarfe da ya zo mana yana ganin ƙarfi shi ne dambe. Ya saki buhun ya dafe damtsensa, ya yi watanni bai ɗaga ko bokitin ruwa ba.

Gwiwar hannu kuma ta tashi. Wannan yara ke mantawa kullum. Lokacin da naushin zai sauka, dunƙulen hannu da gwiwar hannu da kafaɗa su zama kusan a layi ɗaya, a daidai tsayin abin da kake duka. In gwiwar ta rataye ƙasa, babu ƙashi a bayan naushin, mari ne kawai ka yi da safa. In ta tashi, kafaɗar hagu ma sai ta ɗago da kanta ta rufe maka haɓa, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Sai maganar da ta fi jawo gardama tsakanin masu horarwa: yaya za a juya dunƙulen hannu? Wasu na cewa babban yatsa ya kalli sama, kamar ka riƙe kofin shayi. Wasu na cewa tafin hannu ya kalli ƙasa. A kusa, duk wanda ka zaɓa zai yi maka aiki, kuma ni kaina a kusa kofin shayin nake riƙewa. Amma daga nesa ba na yarda da shi, kuma ga dalilina. Miƙa hannunka yanzu, babban yatsa sama, ka zagayo da shi a hankali ka taɓa bango ko ƙofa daga gefe. Duba abin da ya fara taɓawa. Cikin yatsunka ne, wato cikin safa. A damben 'yan koyo, irin wanda ake yi a gasar wasanni ta ƙasa da Olamfik, duka da cikin safa laifi ne, alƙalin wasa zai tsayar ya gargaɗe ka, in ka maimaita a cire maka maki. Yanzu kifa tafin hannun ya kalli ƙasa ka sake gwadawa. Ka ga gaɓoɓin sun fara fuskantar bangon. Ƙara murɗa shi kaɗan, babban yatsa ya ɗan nufi ƙasa, kamar kana tsiyaye ruwan da ya rage a buta. Yanzu manyan gaɓoɓi biyu, na manuniya da na yatsan tsakiya, su ne ke sauka. Iya nisan abokin karawa, iya yadda za ka ƙara murɗa hannun.

Wannan murɗin shi ne abin da aka san 'yan damben tsohuwar Tarayyar Sobiyat da shi. Ka nemi faifan Gennady Golovkin na Kazakistan ka rage gudunsa, ka kalli hannunsa na hagu: yakan kifa shi har babban yatsa ya kalli ƙasa, naushin ya haura saman safar mutum ya faɗo a gefen kai. Mutum na ganin ya rufe fuskarsa da kyau, sai ya ji abu ya shigo ta inda babu ƙofa.

Ni da jikina na koyi muhimmancin gaɓoɓi biyun nan. Ina ɗan shekara goma sha tara, da wata safiya cikin hunturu, na jefa doguwar ƙugiya a kan buhun da aka cika da yashi, hannuna bai gama murɗuwa ba, sai gefen ƙaramin yatsa ya fara sauka. Na ji wani ɗan ƙas, ba mai ƙarfi ba. Ko da na zare safar, bayan hannun ya kumbura kamar an hura shi, gaɓar ƙaramin yatsan ta nutse ba a ganinta. Ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa ne ya karye, karayar da likitoci ma sunan 'yan dambe suka sa mata saboda yawan yadda take samunmu. Mai horar da ni, Allah ya jiƙansa, ya riƙe hannun ya juya shi a hankali, ya ce, "Ɗana, Allah ya ba ka turaku biyu a hannun nan, ka bar su ka je ka jingina gini a kan kara." Mako shida na yi da ɗauri. Har yau in sanyi ya shigo, wurin yakan tuna mini.

Don haka kada ka doki buhu ba tare da ka naɗe hannu ba. Bandejin dambe mai tsawon mita 4.5 shi ne daidai ga babban mutum. Ka ba wuyan hannu zagaye uku ko huɗu, ka bi ta tsakanin yatsu, ka kama babban yatsa da kyau, domin doguwar ƙugiya ta fi kowane naushi cin wuyan hannu da babban yatsa. Buhun kuma in na gida ne, kada a cika shi da yashi zalla. Yashi yakan sauka ya daskare a ƙasa ya zama kamar bulo. Tsummokara daga wajen tela, a yayyanka a danna su sosai, a haɗa da garin katako, ya fi lafiya nesa ba kusa ba.

Hannun nan ba a dunƙule shi da ƙarfi tun daga tashi. A sake yake tafiya, sai daf da sauka ka matse shi, ka fitar da numfashi ta baki a gajarce. Wanda ya ƙanƙame jikinsa tun farko, naushinsa zai yi nauyin tafiya, kuma ba zai kai turmi na uku da numfashinsa ba.

To ina hannun dama duk wannan lokacin? Yana manne da kunci. Ba a ƙirji ba, ba a ƙasan haɓa ba, a kunci, gwiwar hannun tana rufe haƙarƙari. Na kan sa wa yara ƙaramin tawul ko murfin jarka tsakanin safar dama da kuncinsu, in ce su yi ƙugiya hamsin, duk wanda abin ya faɗi ya sake daga ɗaya. Sukan ji haushina a ranar. Amma mai ƙugiya da ƙugiya ake kama shi: yayin da hagunka ke tafiya, hagunsa ma na iya tahowa, kuma wanda damansa ya sauka shi zai kwanta.

Akwai kuma inda naushin ke tsayawa. Ka ɗauka an ja layi daga hancinka zuwa hancinsa. Ƙugiyarka ta ratsa abin da ta doka ta ɗan wuce layin nan kaɗan, shi ke nan, sai ta dawo gida ta hanya mafi kusa. Ba a barinta ta ci gaba da tafiya tana janka. Mai saran gargajiya yakan bi naushinsa har jikinsa ya juya, don in ya samu ya gama aiki. A nan ka sa a ranka cewa cikin ƙugiya goma da za ka jefa wa wanda ya san abin da yake yi, mafi yawansu iska ko safa za su samu. Saboda haka yadda kake dawowa bayan kuskure ya fi mini muhimmanci a kan yadda kake duka in ka samu.

Yanzu maganar nisa, wadda ita ce zuciyar abin. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ga abokin karawa ya yi masa nisa, sai ya miƙa jiki ya kai hannu, ƙafafu na nan inda suke. Hannu ba ya cike tazara, ƙafa ke cikewa. In jab ɗinka ba ta isa gare shi daga inda kake tsaye, ƙugiyarka ba za ta isa ba, don ita hanyarta a lanƙwashe take, ta fi jab gajarta. Sai ka tura da ƙafar baya, ƙafar gaba ta yi ɗan taku gaba, ta ɗan karkata hagu, kuma saukarta ƙasa da saukar naushin su zo lokaci ɗaya. Ƙara ɗaya nake so in ji, ba biyu ba. In na ji ƙafa sannan naushi, ka sanar da shi kana zuwa. In na ji naushi sannan ƙafa, ka yi duka kana rataye a iska, babu ƙasa a ƙarƙashinka. Bayan nan ƙafar baya ta biyo nan take, tsayuwarka ta koma yadda take.

Akwai masu yin tsalle da ita gaba ɗaya. Floyd Patterson da irin wannan ya kwantar da Ingemar Johansson na Suwidin a turmi na biyar a 1960, ya zama na farko da ya sake ƙwato kambun duniya na ajin masu nauyi bayan ya rasa shi. Joe Frazier ma, ranar 8 ga Maris 1971 a New York, a turmi na 15, ya ɗan duƙa ya taso da ƙugiyar hagu daga nesa ya kai Muhammad Ali ƙasa, duk da Ali ya fi shi tsawo da tsawon hannu. Kowane yaro da ya ga faifan nan washegari tsalle yake zuwa yi mini. Ina hana su. Frazier ya yi turmi goma sha huɗu yana cin duka yana karanta lokacin da daman Ali ke sauka kafin ya sami wannan, kuma shekaru ya yi yana jefa hagun nan tun yana yaro. Ka iya ta a tsaye, ka iya ta da taku ɗaya, maganar tsalle sai bayan shekara.

Naushin da ba a shirya masa hanya ba, ba ya shiga. Hanya mafi sauƙi, kuma wadda na fi so, ita ce ta jab. Ka jefa masa jab, ka sake jefawa, ka lura da abin da hannunsa na dama ke yi. Yawancin mutane sukan miƙo shi gaba su kaɗe jab ɗin. Duk lokacin da hannun ya baro kunci don ya tari jab, gefen fuskarsa na dama ya zama fili. A karo na uku sai ka tashi kamar jab ce, kafaɗa iri ɗaya, taku iri ɗaya, shi ya miƙo hannu zai kaɗe, kai kuma ka zagaye hannun. Ba ya buƙatar ƙarfi mai yawa. Naushin da mutum bai gani ba shi ke kayar da shi, domin wuyansa a sake yake, kai ya juya da sauri, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙon kai, ƙafafu su daina jin magana.

Hanya ta biyu ita ce bayan miƙaƙƙen dama. In ka jefa jab ka bi da dama, jikinka ya riga ya murɗe zuwa hagu, nauyi na kan ƙafar gaba, wato an ɗana maka ƙugiyar kyauta. Mutum kuma yakan ja baya don guje wa daman, ya tsaya daidai inda gajeriyar ƙugiya ba ta kaiwa amma doguwa na kaiwa. Akwai kuma yaudarar ciki: ka ɗan durƙusa kamar za ka jefa jab a cibiya, idonka ma ya kalli can, gwiwar hannunsa ta sauko, ka taso da ƙugiya sama.

In abokin karawarka bahago ne, doguwar ƙugiya ta zama babbar kadararka. Hannunsa na gaba da naka suna fuskantar juna, jab na yawan cin karo da safa. Ka sa ƙafarka ta hagu a wajen ƙafarsa ta dama, ka haura saman hannunsa na gaba da ƙugiya. Sai dai shi ma abin da yake nema ke nan a kanka, kuma duk wanda ƙafarsa ta fara samun waje shi ke da riba.

Mai rugowa kanka kuwa akwai tasa. Ba ka ja baya a miƙe ba, ka kafa ƙafar hagu, ka jefa ƙugiyar, a lokaci guda ka ja ƙafar dama ta zagaya bayanka, jikinka ya buɗe kamar ƙyaure, shi ya wuce ta inda kake a da. Da wannan Floyd Mayweather ya tari Ricky Hatton na Ingila a turmi na goma a Las Vegas, cikin Disamba 2007, Hatton ya tafi da ƙarfin gudunsa ya daki kusurwar igiya da kai. Ƙarfin da ya kayar da shi rabinsa nasa ne.

Dole in faɗi lokacin da ba a jefa ta. Kada ka buɗe faɗa da doguwar ƙugiya a kan mutumin da ke tsaye daram, damansa a ɗane, yana kallonka. Miƙaƙƙiyar hanya ta fi zagaye kusa, damansa zai riga hagunka isa. Kada ka jefa ta sau biyu a jere ta hanya ɗaya, na biyun zai duƙa ta wuce ta kansa ya taso maka a haƙarƙari. Kada kuma ka jefa ta don ka gaji ko don ranka ya ɓaci, domin a lokacin ne hannu ke komawa ga tsohon saran da ya saba.

Wani abu kuma da ba na wasa da shi. Doguwar ƙugiya, saboda zagayen da take yi, tana da saurin wuce kunne ta sauka a ƙeya, musamman in mutum ya sunkuyo. Dukan ƙeya haramun ne a dokar dambe, kuma ba don ado aka hana shi ba. Prichard Colón, wani matashin ɗan dambe daga Puerto Rico, an yi ta dukansa a ƙeya a wani wasa a 2015, jini ya taru a ƙwaƙwalwarsa, bai sake komawa yadda yake ba. Inda ake nema shi ne muƙamuƙi da gefen goshi, daga kunne zuwa gaba. In ka ga ya juya maka ƙeya, riƙe hannunka. A wajen atisaye kuma, safar da ake gwada juna da ita mai nauyin oza 14 ko 16 ce, da hular kariya, da robar baki, kuma ba a sakin ƙugiya da cikakken ƙarfi a kan abokin atisaye. Wanda ya ji jiri ko ciwon kai ko amai bayan duka, ya cire safa ya tafi asibiti, ba a cewa ya daure.

Ga yadda nake bi da sabon yaro. Bayan gwajin ranar farko, sauran makon farko babu buhu sam. Gaban madubi kawai, ko gilashin taga in babu madubi, yana yi a hankali kamar mai tafiya cikin ruwa, yana duba abu uku: shin hannun ya sauka ko ya ja baya kafin ya fita, shin gwiwar hannu ta tashi, shin dama na kunci. Wanda hannunsa ya ƙi daina buɗewa, sai in tsayar da shi kafaɗarsa ta hagu kusa da bango, tazarar kamar taƙi ɗaya, in ce ya jefa. In ya ɗauko ta daga baya, bango zai gaya masa, ba sai na yi magana ba. Yaran da suka fito daga gidan dambe sukan yi kwana uku suna goge safa a bangon nan, rana ta huɗu sai ka ga hannun ya fara bin gaba.

Mako na biyu sai buhu, amma daga nisan jab, ba a rungume shi. Ka miƙa jab ta taɓa buhun, nan ne wurin tsayuwarka. Turmi uku na minti uku-uku, hutun minti ɗaya a tsakani, jab biyu ƙugiya ɗaya, da rabin ƙarfi. Ka saurari ƙarar. Naushin da ya sauka da gaɓoɓi ƙararsa a dunƙule take, dum, buhun ya lotsa a wuri ɗaya. Wanda ya sauka da cikin safa ƙararsa a baje take, fas, kamar an shanya rigar wanki. 'Yan kallo sun fi son ta biyun don ta fi tashi, kai kada ta ruɗe ka. In ka cire bandeji bayan atisaye, duba bayan hannunka: jan ya kasance a kan manyan gaɓoɓi biyu. In a kan ƙananan yake, ko wuyan hannu na zafi, koma madubi.

Daga mako na uku nake riƙe musu faifan hannu, wato 'yan matasan da mai horarwa ke sawa a hannu ana duka. In miƙo damana kamar zan kaɗe jab, wani lokaci in miƙo, wani lokaci in ƙi, shi kuma aikinsa ya gane lokacin da ƙofar ta buɗe. Da zarar ƙugiyarsa ta sauka ko ta kuskure, sai in mayar masa da faifan a kunci, ba da ƙarfi ba, yadda dai zai san da akwai mai ramawa. Akwai wani yaro ɗan mahauta da ya zo mini daga wajen Fagge, mai hannu kamar taɓarya, wanda ya yi kisa a gidan dambe tun kafin ya zo. Wata biyu cur faifan nan na samun kuncinsa. Wata safiya bayan asuba na miƙo dama, sai na ji dum a faifan hagu, ban ga tashin hannun ba, na mayar masa kuma na tarar da safarsa a kunci tana jirana. Ya ce, "Koci, haka ne?" Na ce, "Haka ne. Sake yi sau ɗari."